Daga Birnin Kebbi zuwa Legas a kan keke, ni da iyalina: ina neman shawararku

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai niyyar da na daɗe ina juyawa a raina, na ga gara in kawo ta gabanku tun da sauran lokaci. Idan Allah ya kai mu hutun makaranta na watan Disamba, ina so ni da maiɗakina da yara mu hau keke daga nan Birnin Kebbi har Legas, wurin ƙanena da ke zaune a Agege. Hanyar da na zana ita ce Jega, Maiyama, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa, mu haye gadar Jebba, sai Ilorin, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, mu faɗa Legas. Ta haura kilomita 800. Dawowa kuwa a mota ne.

Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Shekara da shekaru ina zana kogin Kwara a allo, ina gaya wa yara yadda ƙasar gawo da ƙaya take juyewa ta koma ta kaɗanya da ɗorawa, daga nan ta zama kurmi mai kwakwar manja. Mafi yawansu ba su taɓa ganin kogin ba, alhali ta cikin jiharsu ya ratsa. Ɗana Khalifa, shekararsa 15, zai lissafa maka garuruwan Ingila saboda ƙwallo, amma bai san a wace jiha Jebba take ba. Wannan abu yana ci mini rai. A mota yaro barci yake yi, ya farka an iso. A keke kuwa ƙafarsa ce za ta gaya masa inda ƙasa ta hau da inda ta gangara.

Akwai ƙanwarsa mai shekara 12, da auta mai shekara 6. Wanda ya san hanya, ko keke, ko lafiya, ya taimaka. Wanda zai ce kada in je ma ya faɗa, amma ya kawo dalili.

Hajiyar Yauri:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka je. Dalili kake so, ga shi: a watan Yuni na 2021 aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka aka kwashi yara. Wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Ni na zauna da iyayen irin waɗannan yara. Na ga uwar da aka ajiye wa tuwo ya kwana a rufe, wayarta a tafin hannu dare da rana, ko alwala za ta yi sai ta ɗora ta a kan bakin randa inda idonta zai kai. Wannan ita ce hanyar da ka zana da biro. Kai ka zaɓi tafiyar, yarinya mai shekara 12 ba ta zaɓa ba.

Direban Aliero:
Malam, ni albasa nake ɗauka zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wannan hanya gidana ce. Bari in ajiye maganar ɓarayin daji tukuna, in fara da mu direbobi. A wurare da yawa titin ba shi da gefe. Kwalta ta zaizaye, bakinta ya zama gaɓa, idan mai keke ya kauce sai taya ta zame. Tirela biyu suka haɗu, ɗaya na kauce wa rami, ina mai keke zai shiga? Kuma babbar mota idan ta wuce ka da gudu iskarta jan ka take yi zuwa ƙarƙashinta. Babba ya san ya riƙe kan keke da ƙarfi, yaro bai sani ba.

Daga Kontagora zuwa Mokwa akwai inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gari na kirki ba. Mokwa kuma kun ji ambaliyar ƙarshen watan Mayu na 2025, ta ci rayuka masu yawa, ta karya gada, motoci suka tsaya cik. Bayan Jebba hawa ne da gangara har Bode Saadu, ga tankoki jere. Tsakanin Ogbomosho da Oyo ma wuri ne da mu kanmu muke shiga da addu'a. Babban titin Ibadan zuwa Legas kuwa kada ma ka sa shi a lissafi.

Baba Na Jega:
Ɗana, da nig ga rubutunka sai da hawaye sunka zo mani. Kakana bafatake ne. Da jakkai sunka riƙa tashi nan Jega, su kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro, tafiyar watanni, kuma cikin ayari akwai mata da ɗiya. Mata su ka dafa abinci in an sauka zango. Ni kuma zamanin da nike saurayi ina da Raleigh baƙi mai kariya, shi nika hawa in tai Yauri in ɗauko busasshen kifi. In dare ya yi mani sai in tsaya kowane ƙauye in yi sallama ƙofar maigari. A ba ka tabarma a zaure, a kawo maka fura, da asuba ka yi salla da su ka wuce. Ba wanda ka tambayarka takarda. Keken ma waje nika barinai ya kwana.

Don haka wanga abu da kake so ba baƙon abu ba ne, gadonmu ne. Mu mutanen tafiya ne. Amma ban iya ce maka ka tai, don hanyar da nis sani ba ita ta ba yanzu. Abin da ka ƙona mani rai shi ne jikokina sun fi ni karatu, sun fi ni waya, amma ko kwatan ƙasar da nit taka ba su taka ba.

Ɗan Gusau:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Malam, ka saurari mutumin Zamfara a kan wannan. Mu kafin mu kama hanyar Tsafe zuwa Funtua sai mun buga waya mun ji ko motoci na wucewa. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe mana a jihar baki ɗaya saboda wannan bala'i. Abin da ya sa keke ya fi mota haɗari shi ne jinkiri. Mota tana ratsa mugun wuri cikin minti 20. Kai za ka yi rabin yini a cikinsa, kowa ya gan ka, ya ƙirga ku, ya san inda za ku kwana. Infoma ba ya bukatar fiye da haka.

Akwai kuma ɗaya gefen da mutane ke mantawa. Ƙauyen da aka sha kai wa hari ba ya ganin baƙo a matsayin baƙo. Ka shigo da jakunkuna, kana ɗaukar hoto, kana tambayar sunan gari da nisan na gaba, 'yan sa-kai za su tsare ka, kuma ba za ka ga laifinsu ba idan ka san abin da suka gani.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma ba zan yi gardama da uwa a kan 'ya'ya ba. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Yaran da nake koyarwa, idan ka ce Tegina, satar 'yan Islamiyya suka sani. Ka ce Jangebe, satar 'yan mata. Ka ce Birnin Gwari, hanyar da ba a bi. Ƙasarsu ta zama musu jerin wuraren tsoro. Ba su san a Yauri akwai tsibirai da masunta ba, ba su san tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwan Kainji tun da aka gama madatsar a 1968 ba. Yaron da ya tashi haka, da me zai so ƙasar?

Kuma mutane suna yi. A 2015 Sulaiman Hashimu ya taka a ƙasa daga Legas har Abuja. Aliyu Bala ya tashi daga Jos a keke ya isa Saudiyya a 2022. Wani ɗan Gini, Mamadou Barry, ya kama hanyar Masar a keke a 2023 don ya yi karatu a Azhar.

Ɗan Gusau:
Duk waɗanda ka lissafa maza ne su kaɗai, ba mace, ba yaro. Shi ɗan Ginin ma an tsare shi a hanya ba sau ɗaya ba, kuma daga Chadi jirgin sama ya hau bayan mutane sun tara masa kuɗi. Ni ba na raina burinka, wallahi. 'Ya'yana ba su taɓa ganin ƙauyen da aka haife ni ba, ga shi ba nisa da Gusau. Kabarin mahaifina yana can. Na san zafin da kake faɗa fiye da yadda kake zato.

Alaramma Gwandu:
Bismillah. Tafiya don ganin ƙasa da ɗaukar darasi abu ne da addini ya yaba. Mace tare da mijinta ba maganar muharrami. Tafiyar ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, don haka za ku yi kasaru. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne amana. Maigida makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, kuma an hana mu jefa kanmu cikin halaka. Inda masu bin hanya kullum suka ce maka akwai haɗari bayyananne, shiga da yara ba tawakkali ba ne. Tambaya ɗaya, Malam: mahaifiyarka tana raye? Ta sani?

Baban Khalifa:
Allah gafarta Malam, tana nan da ranta. Na gaya mata. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai ce auta ba ya zuwa ko'ina.

Alaramma Gwandu:
To ka koma ka zauna da ita har sai ta faɗi e da bakinta. Shirun uwa a irin wannan ba izini ba ne.

Abu Ammar:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, duk an tsaya kan ɓarayi da tirela, ba wanda ya ce komai a kan matar aure ta hau keke ta ratsa garuruwa maza na kallo. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Ya tafi da ɗansa namiji, a bar mata a gida.

Ɗalibar Kalgo:
Yaya Abu Ammar, da girmamawa, kullum matan aure suna hawa bayan ɗan kabu-kabu wanda ba muharraminsu ba, ba a ce komai ba. Wadda za ta tuka kekenta da hijabinta, mijinta a gaba ɗanta a baya, ita ce abin magana? 'Yan mata nawa ke zuwa Islamiyya a keke a cikin garin nan? A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, mata da goyo suke tuka keke zuwa kasuwa, da yawansu Musulmi ne. Kuma wanda ya fara wakiltar Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Faris a 2024.

Abu Ammar:
Ƙanwata, hawan kabu-kabu lalura ce, wannan kuwa ganin dama ne. Kuma abin da ake yi a Wagadugu ko Faris ba shi ne ma'aunina ba.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Tunda maganar ta zo kaina, bari in sa baki, da izinin Malam. Ba jana ake yi ba, ni ma ina so. Da keke na yi makaranta tun ina yarinya, na bar shi ne da aka yi mini aure. Da Malam ya sayo na gwaji muka fita bayan gari da sassafe, abin da na fara koya shi ne dogon hijabi yana shiga sarƙa. Ya naɗe, ya finciko ni ta wuya, sai da na dafa ƙasa. Na zauna na ɗinka wani mai tsayi zuwa gwiwa, da riga mai faɗi da wando buje a ƙasa, na sa roba a bakin ƙafar. Ba abin da ke bayyana. Yaya Abu Ammar, suturata ta fi damuna fiye da yadda ta dami kowa.

Amma Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Na riga na gaya wa Malam a gida, yanzu kuma ina faɗa a gaban jama'a: 'yata ba za ta taka keke tsakanin Koko da Mokwa ba. Babban ma haka. Auta yana wurin kakarsa. In za a yi wannan yanki, a mota ne, da rana, kekuna a sama. In ba haka ba ni da yara mun fasa. Shi yana ganin idan an sa mota a tsakiya tafiyar ta rage daraja. Ni ban ga haka ba.

Hajiyar Yauri:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki riƙe wannan magana da kyau, kada a lallashe ki.

Sarkin Zaure:
Jama'a, maganar hawan mace ta tsaya nan. Mai abin ta yi bayani, mijinta ya yarda, Alaramma yana nan in akwai gyara. A ci gaba da abin da zai amfane su.

Mai Faci Badariya:
Yauwa, yanzu aka zo wurina. Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, duk kekunan su zama masu taya lamba ɗaya, 26, don tiyub ɗaya ya shiga kowanne, kuma ita ce lambar da za ka samu a wurin kowane mai faci har Legas. Kada ka ruɗu da 'yan kwatano masu siririyar taya, kyau gare su amma in ta fashe a ƙauye ka shiga uku. Phoenix irin na da yana da ƙarfi, yana ɗaukar kaya, sai dai ba giya, hawan bayan Jebba zai sa ku sauka ku tura. Ga Maman Khalifa da yarinya a samo masu giya.

Kaya a kan kariya ake ɗaurewa, hagu da dama daidai. Kada kowa ya goya jaka a baya, kafin azahar kafaɗa ta mutu. Ku riƙe famfo, sholisho, faci, sifana 10 da 15, wayar birki, robar birki, ɗan giris a gwangwani, da tiyub na ajiya.

Khalifa kuma ka turo mini shi ya koyi faci da hannunsa. Ba wuya. Ka cire tiyub, ka ɗan hura, ka bi da shi kusa da leɓenka, inda ka ji iska tana sosa ka nan ne hujin, ba sai ka ɓarnatar da ruwan sha ba. Ka kankare wurin har ya yi fari-fari, ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira ya sha iska har in ka taɓa ba ya bin yatsa. Nan ne kowa ke gaggawa, shi ya sa facinsu ke tashi. Kafin ka mayar kuma ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali, don ƙayar da ta huda tana nan a maƙale. Tsidau ya fi ƙusa yi wa mai keke ɓarna a ƙasarmu. Ni nakan yanka tsohon tiyub in shimfiɗa a cikin taya, yana rage wa.

Anti Nas Argungu:
Disamba ya fi, wannan kam ka yi daidai. A Maris da Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, ba mai hankalin da zai sa yaro a titi. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, ku kuna yin kudu, sau da yawa za ta zama a bayanku. Amma sanyin yana yaudara. Iska busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, mutum ya ƙafe bai ji ƙishi ba. Ku riƙa kurɓa a kai a kai. A tambayi yara launin fitsarinsu, kunya ba ta da wuri a nan, in ya yi ja a tsaya. Ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ko ku sayi na leda a kemis.

A tashi bayan asuba in gari ya waye, a sauka kafin rana ta take, a ɗan ƙara bayan la'asar, magariba ta same ku a masauki. Gidan sauro dole, musamman bakin kogi da kudu. In akwai mai asma a cikinku ƙurar hunturu za ta tayar da ita, a je asibiti tukuna. Abin da ya fi kayar da sabon mahayi kuma ba ƙafa ba ce, sirdi ne, yana saɓule fata a cinya. Man shafawa mai kauri da wando marar ɗinki a tsakiya.

Yarinyar ita ce ma'auninku. Inda ta gaji nan tafiyar ranar ta ƙare, ko da Malam yana jin zai iya ninkawa. Kuma ita ba za ta faɗa ba don kada ta ba babanta kunya, uwar ce za ta lura.

Ɗan Kamba:
Me zai hana ku bar titin Kontagora, ku haye kogi a Yauri ku bi ta Borgu ku ɓulla Kaiama?

Direban Aliero:
A'a. Dajin Kainji ne a wannan gefen, yanzu ba wurin shiga ba ne. Ga jirgin ruwa, ba a manta da na Wara ba a 2021, mutane da yawa suka halaka. Kada ya guji wani haɗarin ya faɗa wanda ya fi shi.

Ɗan Agege:
Malam, ni shekaruna da yawa a Kurmi, bari in yi maganar wannan gefen. Daga Ilorin zuwa ƙasa, manyan garuruwa suna da unguwar Hausawa da Sarkin Hausawa, kamar Sabo a Ibadan. Kafin ka taso a sanar da su, kowane ya miƙa ka ga na gaba. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, kai kuma da katin aikinka da takarda daga hakimi mai bayanin ko ku su wane ne da inda za ku. Kada ka ɗauki wuƙa ko adda ko da ta yanka lemo ce, ka saya a inda ka sauka. Kowa ya san abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida. Zargi ne ya jawo.

Ba ina tsorata ka ba ne. Yarbawa mutane ne masu son gaisuwa da girmama iyali. Namiji shi kaɗai da jaka ana iya yi masa kallon tuhuma, amma mutum da matarsa da 'ya'yansa, sai ka ga mai sayar da abinci ta ƙara wa yara nama. Ku koyi gaisuwarsu ta safe da ta yamma, yara su rusuna wa manya. Daga Ibadan ku bi ta Abeokuta, ita ce ke shigowa ta Sango Ota ta faɗo Agege. Amma daga Sango ku sauka, cunkoson nan ba na yaro ba ne. Ko kuma ku hau jirgin ƙasa a Moniya da ke Ibadan, yana da tasha a Agege, yara su ga wannan ma, kekuna su biyo mota.

Ɗalibar Kalgo:
Wani abin takaici, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 mutane da yawa sun koma keke, malamai da ma'aikata da ɗalibai, amma titunanmu ba a yi su da tunanin mai keke ba. Tun zamanin Obasanjo ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran a hau keke, shi kansa mota ta ture shi cikin kwata a Abuja. Yanzu ana gina sabon titin Sakkwato zuwa Badagry, fiye da kilomita 1,000, kuma ta jiharmu zai bi. Da za a bar wa mai keke da mai jaki da mai tafiya a ƙasa gefensu, da jikokin Baba Na Jega sun samu hanya.

Baba Na Jega:
Ɗiyata, Allah shi sa. Amma kwalta ba ita ta ba mu hanya ba can da. Amana ta. Ranar da maigari ya koma shimfiɗa ma baƙo tabarma ba da tsoro ba, ko bisa turɓaya a tai Gwanja.

Baban Khalifa:
Na karanta komai, wasu har sau da yawa. Ba zan ɓoye ba, sa mota a tsakiya yana yi mini ciwo, don yankin da za mu tsallake shi ne wanda na fi so yara su gani a hankali: kogin a Yauri, da inda itatuwa ke fara yin kauri bayan Kontagora. Amma uwarsu ta yanke, Direba da Ɗan Gusau sun ba ta gaskiya, Alaramma ya ɗora. Na karɓa.

Ga yadda abin ya koma. Daga yanzu duk Asabar za mu riƙa fita, Kalgo tukuna, sannan Jega, sannan Argungu mu kwana mu ga Matan Fada da gidan tarihin Kanta mu dawo. In yarinya ta iya wannan ba tare da wahala ba, a Disamba mu taka zuwa Koko, mu hau mota har Jebba, mu tsaya su ga kogi da gada da kyau, sannan mu ci gaba. Gobe in sha Allahu zan je wurin Inna.

Hajiyar Yauri:
Ni har yanzu raina bai kwanta ba, ko Jega zuwa Koko ɗin. Abin da yake lafiya yau ba shi ne lafiya a Disamba ba. In kun zo wucewa ta Yauri ku sauka gidana ku ci abinci, in ga yaran da idona. Amma in har satin tafiyar aka ji wani motsi a hanya, ko kaɗan ne, ka fasa, kada ka ce ai an riga an yi shiri.

Direban Aliero:
Hajiya ta yi gaskiya. Kuma Malam, ba Jebba za ku sauka ba, Ilorin. Ku tsaya a Jebba ku ga gada, ku koma mota, don tankokin Bode Saadu ba su san yaro ba. Tsakanin Ogbomosho da Oyo ma sai na tambayi yaranmu halin da titin yake a lokacin. Motar da za ku hau daga Koko ta tashi da hantsi, ba ta yamma ba, komai arharta. Zan turo maka lambata ta akwatin sirri, ka kira ni daren da za ku tashi da kuma asubar, don labarin hanya na dare ɗaya ne.

Abu Ammar:
Ra'ayina bai sauya ba, amma Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ku riƙe azkar na safe da yamma.

Maman Khalifa:
Amin, mun gode Yaya. Mai Faci, keken yarinyar ƙafarta ba ta kai ƙasa sosai in ta zauna, a rage sirdin ne ko a canja keken?

Mai Faci Badariya:
Kada a taɓa komai sai na gan ta a kai. In an rage sirdi da yawa gwiwa ce za ta yi ciwo. Ku kawo su duka ranar Asabar da safe kafin ku kama hanyar Kalgo, ita ma ta zo da takalmin da za ta yi tafiyar da shi.